Tankaɗen Ɗakin Mai-ɗinki

2 ga Afrilu

Zuwa ga Iya Mai-rariya,

Assalamu alaikum. Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da 'yarki Anti da maigidanta da yara. Yaya ƙafar? Mama ta ce in tambaye ki ko har yanzu kina shafa man nan mai yaji, ko likitocin can sun raba ki da shi. Mu nan lafiya lau, sai bayan Mama, yau ya tafi gobe ya dawo.

Na san za ki ce wane ne wannan kuma, tunda rabona da ke tun da Anti ta ɗauke ki daga layinmu, shekara uku ke nan. Ni ne mijin naki da kika gudu kika bari, wanda kakansa da marigayi maigidanki Baba Direba 'ya'yan wa da ƙani ne. In kin manta da dangantakar, ba ki manta da wanda yake shanye miki ruwan randa ba.

Iya, layinmu ya lalace. An ɗauke tukunyar gas ta gidan mai wanki, an kwance kan famfon layi sau biyu, ko takalmi ba a bari a bakin ƙofa yanzu. Magidanta sun kafa kwamiti, Mai-katako ne shugaba, ni kuma sakatare, wai tunda malamin makaranta ne ni. Mun sa masa suna Kwamitin Tankaɗe, don tun muna yara muke jin ana cewa 'yan tankaɗe ne suka gyara layin nan a da. Amma da aka ce in rubuta ma'anar sunan a farkon takardarmu, sai na rasa mai faɗa min. Na tambayi Mama, ta ce ita ba ta san komai ba, ta tashi ta shige kicin. Kowa ya ce ke kaɗai kika rage a cikinsu.

Don Allah ki sa a rubuto min: mece ce kalmar nan a wurinku, daga ina ta fito, kuma yaya kuke yi? A gaban taro zan karanta.

Naki,
Sakatare

8 ga Afrilu

Sarkin Tambaya, mijina na wahala,

Wa alaikumus salam. Takardarka ta zo ta hannun direban motar kaya, na sa an karanta min sau biyu, na farko don in ji, na biyu don in ji daɗi. Maƙwabciyarmu ce ta karanta, ita ce kuma take rubuta wannan. Nas ce a asibiti, mace mai haƙuri. Ta ce duk abin da ya fito bakina haka za ta sa, ko zagi ne, to ka gyara zama.

Ƙafa da sauƙi. Ido ne yanzu ya hana ni sakat, na dama kamar an lulluɓe shi da farin ƙyalle. Sun ce yanar ido ce, za su cire. Ka ce wa uwarka ta daina ɗaga bokiti tana da ƙaton ɗa a gida. Shekara uku ba ka neme ni ba sai da kwamiti ya aiko ka! Da ma na san auren nan namu na ganin ido ne. Wai Sakatare. Mutumin da na sani da majina har baki.

To, ka tambaya, bari in gaya maka. Ka san katangar nan ta bayan layi, inda yanzu ake jibge tsofaffin tayoyi? Injin niƙa ne a da. Mu shida muke tankaɗe a ciki, tun safe har la'asar. Mai-injin ya niƙa, mu mu tankaɗe mu ɗura a buhu, masu gidan burodi su zo su kwasa. Mu ɗaure hanci da ƙyalle, mu fito fari fat har gashin ido, yara su gan mu su watse da ihu. A can na samo sunan nan da kuke kirana da shi. Babbarmu wata doguwar mata ce, Yaya Mai-tari muke ce mata, don garin ya riga ya cika mata ƙirji. Ba ta da yawan magana. Amma in ta dube ka sau ɗaya, ta san ko ka ci abinci ko ba ka ci ba.

Akwai wata a cikinmu, ba zan faɗi ko wace ce ba. Sai aka ga tana ta ramewa, kullum in an tashi aiki sai ta ƙulle tsaki a bakin zani a ɓoye. Tsaki shi ne guntattakin da ya ƙi wucewa ta rariya, don na san ku 'yan boko ba ku sani ba. In an tambaye ta mijinta sai ta ce ya yi tafiya. Wata takwas mutum yana tafiya! Ɗaki kullum da kwaɗo ta waje, amma in ka bi ta gindin taga sai ka ji tari. Ashe yana ciki. Aiki ne ya kuɓuce masa, ya kama shan abin nan na kwalba. In gida ya yi shiru ya dire ta taga. Ya sayar da gado, ya sayar da rediyo, ya bi kwanukanta ɗaya-ɗaya. Daga nan hannunsa ya fara kaiwa kan kayan maƙwabta, yau buta ta ɓata, gobe fitila.

Rannan muna cikin aiki, Yaya Mai-tari ta ajiye rariyarta ta ce, "Gidan wance yana son tankaɗe." Iyakar abin da ta faɗa ke nan. Ranar aka fara ɗora kalmar nan a kan mutane a layinmu. Wani wuri ban sani ba, ni namu na sani.

Washegari da hantsi mu huɗu muka tafi, kowa da tsintsiyarta. Matar ta tare ƙofa tana kuka tana magiya, Yaya ta ɗauke ta gefe kamar buhu. Muka ɓalle kwaɗon. Kai, wari! Muka shiga fitarwa, tabarma, kwalabe, akwati, tsummokara, duk muka jibge a tsakar gida. Shi yana kwance ya ƙi ko motsi, sai muka kama katifar ta kusurwa huɗu, muka fito da shi a kai muka dire a rana. Ko cokali ba mu bari a ɗakin nan ba.

Nas ta ce lokacin aikinta ya yi, direban kuma da azahar zai tashi. Bari in tsaya nan, sauran sai na huta. Ka gaida uwarka, ka gaida duk wanda ya tuna da ni.

Matarka da ka yasar,
Iya

15 ga Afrilu

Iya,

Assalamu alaikum. Ina fatan idon ya yi sauƙi, Allah ya sa a yi aikin a sa'a. Mama ta ce ta ji saƙon bokiti, kuma ta ce ke ma ba kya jin magana.

Na karanta takardarki a taro jiya bayan la'asar, a gaban shagon Mai-katako. Da na zo inda kuka fito da mutumin a kan katifa, har tafi aka yi. Mai-katako ya ce, "Kun ji ko? Mata ma ba su yi wasa ba, sai mu maza ne za mu tsaya jin kunya?"

A nan take aka yanke hukunci na farko, a kan Mai-ɗinki. Kin san ta, ta ɗakuna biyun nan na ƙarshen layi, wadda mijinta ya rasu. Ɗanta bakaniken nan ya fito daga gidan yari wata biyar da suka wuce. Ba ya aiki, kullum yana ɗaki, an ce ƙwaya yake sha, kuma tun da ya dawo kaya suka fara ɓata. Ba a kama shi da komai a hannu ba, amma kowa ya san shi ne. An ce mata ta kore shi, ta ce ta kai shi ina? To mai gidan hayar ya ce duk abin da kwamiti ya yanke ya yarda. Asabar ɗin ƙarshen watan gobe mutum huɗu za su fitar da kayansu, kamar yadda kuka yi. Ina cikin huɗun.

Ba zan ɓoye miki ba, ni na kai mata takardar hukuncin. Ita ta ɗinka min rigar makaranta ta farko. Ta ɗora takardar a kan keken ta ci gaba da ɗinki. Amma in ku kun iya, mu ma dole mu iya.

Kin ce akwai saura. Na ɗauka labarin inda mutumin ya koma ne bayan kun kore shi. In kin huta ki aiko.

Naki,
Sakatare

6 ga Mayu

Iya,

Assalamu alaikum. Lafiya kuwa? Mako uku ke nan shiru. Direban ya ce ya miƙa takardata a hannun Anti, amma bai gan ki ba. Mama ta kasa zaune ta kasa tsaye. Don Allah ko layi ɗaya ne a rubuto mana yadda jikin yake.

Maganar Mai-ɗinki tana nan yadda take. Mata sun daina kai mata ɗinki. Ta je wajen Mai-katako sau biyu, ya ce mata ba shi ya ƙirƙiro ba, ga takardar Iya Mai-rariya nan, ita ta koya mana. Ya kuma ce da kina da ja da kin yi magana.

Naki,
Sakatare

14 ga Mayu

Sarkin Tambaya,

Wa alaikumus salam. Ina raye. An yi aikin, suga ya hau, suka riƙe ni kwana tara, na dawo gida fuska a ɗaure. Yanzu ina ganin hannuna har da jijiyoyinsa, mun gode Allah. Ka gaya wa uwarka ta kwantar da hankali.

Ni nawa hankalin ne ba a kwance ba. 'Yata ta ɓoye takardunka biyu a ƙarƙashin rediyo, wai kada a dame ni. Jiya Nas ta gani ta karanta min. Tun jiyan ko ruwa bai wuce min da daɗi ba. Inna lillahi! Wa ya ce maka mun kore shi? A ina na faɗa? Rabin labari na ba ka, na ce maka akwai saura, ka kwasa da gudu ka je ka yanke hukunci da shi. Kai da tun kana ƙarami ba a gama magana ba ka yi tambaya goma, yau da ake bukatar tambaya ɗaya sai ka yi tafi? Har ana kiran sunana a ƙofar yarinyar nan! Ni na yi mata wankan jego lokacin da ta haifi wannan da kuke cewa ɓarawo.

Nas, rubuta, kada ki tashi yau ko asibitin zai rushe.

Da muka fitar da kayan, ɗakin muka koma. Muka share, muka wanke ƙasa da ruwan zafi, muka kankare bango muka shafa farar ƙasa. Tsummokaran nan duk muka wanke muka shanya. Kwalabe kaɗai Yaya ta zuba a buhu ta tafi da su. Aka kira mai aski ya yi masa a nan kan katifar, yana rufe fuska da hannu. Kafin la'asar mun mayar da komai inda yake. Shi da ƙafarsa ya koma ciki, don kunya ba ta bar shi ya jira a ɗauke shi ba. Babu wadda ta ce masa kanzil. Maƙwabta da suka leƙo aka ce musu kuɗin-cizo ne suka addabi ɗakin.

Da safe Yaya ta biyo ta buga ƙofa ta ce, "Mai-injin yana neman mai ɗaga buhu." Ƙarya take, babu wanda yake nema, sai da ta tsare Mai-injin ta ce in bai ɗauke shi ba mu shida ba mai taɓa rariya. Kada ka ɗauka daga nan ya shiryu. Wata biyu ya koma ruwa. Aka sake yi. Ya sake komawa, aka sake. Sai a na ukun ya tsaya, ya zama mutumin da ake sallama da shi.

Ka tambaye ni ma'ana. Mu a wurin aiki, abin da ya wuce ta rariya ya wuce, ba ruwanmu da shi, ya tafi buhu. Aikinmu yana kan wanda ya ƙi wucewa. Ba a zubar da tsaki, yaro, wa zai zubar da abinci? Inji ake mayar da shi, a sake niƙawa, a sake tankaɗewa, har ya wuce. Da zubarwa muke yi da Mai-injin ya kore mu ranar farko. Abin da Yaya take nufi ke nan.

Kuma da dokokinsa. Ba a wa'azi, ba a faɗa, baki a rufe ake aiki. Kowa da tsintsiyarta da sabulunta take zuwa, ko ruwan gidan ba a sha. In an fito, ba a faɗin gidan da aka shiga, har kabari. Sannan duk gidan da aka yi wa, matar gidan tana da zuwa a kanta, in an tashi yi wa wani gida sai ta ɗauki tsintsiya ta bi. Shi ya sa ba mai yi wa wata gori. Gida goma sha ɗaya na san an yi, kafin Yaya ta rasu injin ya rufe, abin ya mutu. Akwai waɗanda har yau ba su yi nasu zuwan ba.

Ka kai wannan taro ka karanta tun daga sama har ƙasa. Ka amsa min a motar da ta kawo maka, kada ka bari ta juyo babu takarda. Kwana nawa ya rage ma? Nas ta ce sha bakwai. Wayyo ni.

Iya

19 ga Mayu

Iya,

Wa alaikumus salam. Mun gode Allah da ido ya buɗe. Ki yafe min. Na karanta takardarki a tsaye a bakin mota.

Na kai wa Mai-katako a shagonsa. Ya ji har ƙarshe, sannan ya ce ta farko da ƙarfinki kika faɗa, ta biyu kuwa bayan allurar asibiti ce, tsufa da jinya suna sa tausayi. Ya ce shekararsa hamsin a layin nan bai taɓa jin mashayi ɓarawon da ya dawo mutumin kirki ba, in da gaske ne a faɗi gida, a faɗi mutum. Na ce akwai doka. Ya ce to labarin da ba shi da mai shi tatsuniya ce, kuma ba za a karanta tatsuniya a taronsa ba.

Na bi magidanta uku a gidajensu. Duk abu ɗaya suke tambaya: wane ne?

Akwai taron ƙarshe ranar Juma'a, jajibirin ranar. In kin ba ni suna ɗaya, zan miƙe in karanta ko ya hana. In babu, ban san abin da zan riƙe ba. Mai-ɗinki ta fara ɗaure kaya a zannuwa. Jiya na ga ta cire allon shagonta.

Naki,
Sakatare

23 ga Mayu

Ɗana,

Sallama da gaisuwa. Jiki lafiya, abinci ne dai ya ƙi shiga.

Gida goma ba nawa ba ne, ba zan taɓa su ba ko za a yanka ni. Wasu sun mutu, wasu jikokinsu ne suke zaune a taron naku suna tafi. Amma akwai guda ɗaya da nake da iko da shi.

Kafin Nas ta ɗauki alƙalami na sa an kira 'yata, ga ta nan zaune a bakin gado. Na ce mata gara ta ji a bakina da ta ji a bakin direban mota.

Na yi maka ƙarya a takardar farko, na ci gaba da ita a ta biyu. Na ce mu huɗu muka shiga. Ban shiga ba. Ni ce na tare ƙofa. Ni ce mai ƙulle tsaki a bakin zani, ni Yaya ta ɗauke gefe kamar buhu. Wanda aka fito da shi a kan katifa mijina ne, Baba Direba.

E, shi. Wanda kuke cewa bai taɓa ɗaga murya ba. Wanda duk matar da naƙuda ta kama a layin nan shi yake kai ta asibiti bai karɓi ko sisi ba. Wanda Mai-katako da kansa ya riƙe ƙafar makararsa yana kuka kamar yaro. Motar kamfani ce ta ƙwace masa a gangare ta buge wani mai keke, mutumin bai tashi ba. Ba a ɗaure shi ba, an ce birki ne, amma aka sallame shi, shi kuma ya ɗaure kansa a ɗaki. Butar da ta ɓata ta gidan su Mai-katako ce, ta ƙarfe mai murfi. In ya manta ya tambayi tsohuwarsa. Daga baya Baba ya sayi sabuwa ya ajiye musu a bakin ƙofa, har yau ba su san daga ina ta fito ba. Lokacin wannan da take zaune a nan tana goye a bayana. Daga ɗaga buhu ya koma jan motar injin, daga nan ya sayi tasa.

Shekara arba'in da ɗoriya ina riƙe da wannan. Shi ma bai taɓa tayar min da zancen ba, sai ranar da zai rasu ya ce min, "Ashe har yanzu ina jin ƙamshin farar ƙasar nan." Na so in tafi da shi kabari yadda kuka san shi, da farar rigarsa. Ban sani ba ko zai yafe min. Amma na san da a ce ranar nan titi aka fitar da mu, da ba ku da Baba Direba, da wasunku a hanyar asibiti za a haife su ko a rasa su.

'Yata ta tashi ta fita. Ina jin ƙarar tukwane a kicin, ba kuma lokacin girki ba ne.

Ka karanta. Kada ka rage ko kalma, kada kuma ka gyara min magana ta zama ta 'yan boko. In sun ga dama su tofa wa kabarinsa yawu, su bar yarinyar nan da ɗanta. Ban san ko takardar nan za ta riski Juma'a ba, direban ya ce motarsa tana gareji. Nas ta ce za ta kai tasha da kanta ta nemi wata.

Iya

1 ga Yuni

Iya,

Assalamu alaikum. Ina fatan kina lafiya, ke da Anti. Ki gaishe min da Nas, takardar ta iso ranar Juma'a da azahar a hannun wani mai motar kifi, har tana ƙarni.

Na miƙe a taro na karanta duka biyun, ita da wadda Mai-katako ya hana. Mai-katako ya ce in zauna, ban zauna ba. Da na zo kan sunan Baba sai da na maimaita layin. Da na zo kan buta, Mai-katako ya cire hularsa ya duba cikinta ya mayar. Can ya ce, "Allah ya jiƙan Baba Direba. Amma hukunci hukunci ne." Biyu daga cikin huɗun suka ce su sun fasa, ni ma na ce na fasa. Ya ce ba komai, zai zo da ma'aikatan shagonsa. Haka aka watse. Na koma gida ina ganin kin tona asirinki a banza.

Ashe maza sun kai labari gida.

Jiya da hantsi na tafi ƙarshen layi, don ko ba komai in tsaya kusa da ita. Mai-katako ya riga ni da mutum uku. Amma akwai waɗanda suka riga shi. Mata biyar ne a ƙofar Mai-ɗinki, duk tsofaffi, kowa da tsintsiya da bokiti da sabulu. Ba mai kallon wata. Ta gaba tsohuwar Mai-katako ce, wadda rabonta da fitowa tun bara, sanda a hannu ɗaya tsintsiya a ɗaya. Ya ce, "Inna, me kike yi a nan?" Ko kallonsa ba ta yi ba. Ya sake tambaya. Sai ta nuna masa keken ɗinkin da sandarta, ta nuna tsakar gida. Iya, duk wanda yake wurin ya ji dokar nan ta huɗu a taron Juma'a, cewa wadda aka yi wa tana da zuwa a kanta, kowa ya san abin da tsintsiyar hannunta take faɗa. Mai-katako ya juya ya tafi, ma'aikatansa suka bi shi. Ni na ɗauki keken.

An fitar da komai. Bakaniken yana ƙuryar ɗaki ya ƙi tashi, su kuma ba su da ƙarfin ɗaga katifa, sai suka fara shara ta kewaye da shi har ya fito da kansa, ya zauna a rana ya rufe kai da riga. Mai-ɗinki tana ta kuka tana kawo musu ruwa, ba wadda ta sha. Kafin la'asar an shafe bango an mayar da kaya. An samu kan famfo guda a ƙarƙashin gado. Wata ta sa a bokitinta ta rufe da tsumma, yau da safe na gan shi a jikin famfon.

Ban ce an gama ba. Mai gidan hayar ya ce ya ba su wata uku ya gani. Mai-katako ba ya amsa gaisuwata, ban san ko har yanzu ni sakatare ne ba. Wani mai facin taya ya ce bakaniken ya zo aiki wurinsa ranar Litinin, yaron bai ce zai zo ba, bai ce ba zai zo ba.

Saura abu ɗaya. Iya, a cikin matan nan biyar akwai Mama. Da bayan nata da komai, ita ta wanke ƙasa. Na tuna ina ɗan shekara shida na dawo daga makaranta na tarar da kayanmu a tsakar gida, babana yana zaune a rana an yi masa aski, aka ce min kuɗin-cizo ne. Ban iya tambayarta ba. Ke nake tambaya.

Naki,
mijinki

6 ga Yuni

Sarkin Tambaya,

Wa alaikumus salam. Alhamdu lillahi. Yau na ci abinci har na nemi ƙari, Nas shaida ce.

'Yata ta yi fiye da kwana goma ba ta ce min komai ba bayan gaisuwa. Shekaranjiya na ga ta sauko da hoton ubanta daga bango. Ta goge gilashin da bakin mayafinta, ta daɗe tana kallo, ta mayar. Sannan ta tambaye ni wane irin sabulu aka yi wankin da shi. Muka yi dariya, muka yi kuka.

Ka gaida Mai-ɗinki, ka ce ta mayar da allonta. Mai-katako kuma ka ci gaba da gaishe shi, shi ma yanzu yana da abin da yake haɗiya. In Litinin ta wuce yaron nan bai je wajen mai faci ba, kada ka aika, ka je da kanka ka buga ƙofa. Kuma kada ku ɗauka sau ɗaya ya isa, na gaya maka nawa sau uku aka yi.

Tambayarka ta ƙarshe Nas ta karanta min, ta sake karantawa da ƙarfi. Ban ji ba. Ka san kunnen tsufa.

Ka sayi man nan mai yaji ka shafa wa uwarka a baya. In za a koma, kai za ka ɗaukar mata bokitin. Ka tafi da sabulunka, kuma ka rufe bakinka.

Matarka,
Iya